Gorar Dama da Gorar Hagu

Ranar Talata, a watan Yunin shekarar annoba ta biyu, motar asibiti ta zo Danau Kota, wata unguwa a babban birnin ƙasar Malayawa, ta ɗauki Halimatu, ba ta dawo da ita ba.

Mijinta, Dakta Munzali, malamin adabi a wata jami'a da ke Setapak, shi ya fara kwanciya, shi kuma ya tashi. Cutar ta yi masa irin adalcin ɓarawo mai kunya: ta bar masa rai, ta tafi da hancinsa da harshensa. Ba ƙamshi, ba wari, ba ɗanɗano. Halimatu da ta yi jinyarsa ita ce ta biya sauran. Da ma'aikatan asibiti suka shigo cikin fararen ledoji, tana zaune a bakin gado tana haki, ta ce masa, "Malam, akwai zoɓo a firiza. In bakinka ya dawo ka sha." Shi kuma ya ce mata ta gyara takunkuminta, ta sa shi a juye. Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Shekara goma sha tara yana gyara mata abu, bai ga dalilin da zai sa ya fasa a ranar ba.

An binne ta yana kallo ta waya. Mutanen da ba su san sunanta ba su suka sa ta a rami, wani Bamalaye mai kirki yana riƙe da wayar, rabin hoton babban yatsansa ne. Zaman makoki kuwa a zauren waya na 'yan Arewa aka yi shi. Ba tabarma, ba buta, ba wanda ya cire takalmi. Saƙonni dai suka yi ta zuba, kowa da hotonsa na hannaye biyu a ɗage. Wani bawan Allah ma ya turo doguwar ta'aziyya mai ratsa zuciya, sai dai ya manta bai cire sunan mamacin da aka fara rubuta wa ita ba, wani Alhaji Maitama. Dakta ya amsa masa da godiya, a madadin iyalan Alhaji Maitama.

Mutum ɗaya ce ta yi abin da ake yi. Hureira, matar Shafi'u da ke benen ƙasa da nasu, kullum sai ta zuba abinci a kula, mijin ya hau ya ajiye a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya gudu kamar wanda ya dasa bam. Shafi'u ɗalibin digiri na uku ne da gwamnati ta turo, mai yawan magana da yawan fatawa. Dakta yakan ci tuwon da miyar kukar kamar mai tauna jiƙaƙƙiyar takarda, ya wanke kular, ya ɗora a kan 'yar'uwarta. Bai mayar da ko ɗaya ba. Ya san ba a mayar da kwano haka nan, amma abin da ake sawa a ciki Halimatu ce ta sani, kuma galibi zoɓo ne.

Zoɓon Halimatu ya yi suna daga Danau Kota har ƙarshen Setapak. Daga Kano take ɗauko busasshen zoɓon a akwati, da kanumfari da citta da masoro, ta bar atamfofi a gida don su sami wuri. Aibinta ɗaya, ba ta tacewa sosai. Ko yaushe sai ka tarar da kanumfari kwance a gindin gora. Dakta kan ɗaga kofi ya duba a haske, ya ce, "Wannan zoɓo ne ko kududdufi?" Ran da babu maganar kududdufi, to citta ta yi yawa, ko sukari ya gaza. Har 'yar rariya mai ƙananan idanu ya taɓa sayo mata, ya miƙa mata a matsayin tsaraba. Ta rataye ta a ƙusa, ba ta taɓa sauke ta ba.

"Malam mai jan biro," in ji ta. "Kofi uku ka sha kana gyarawa."

Yanzu gora ɗaya ta rage, tsohuwar gorar ruwa cike da ja, daskare a firiza. Ita ce abu na ƙarshe da hannunta ya yi. Dakta ya yi wa kansa alkawari ba zai buɗe ta ba sai harshensa ya dawo. Kullum da safe yakan lashi gishiri ya ji ko an samu labari. Shiru. Sai ya buɗe firiza, ya ɗauko gorar, ya riƙe har hannunsa ya yi sanyi, ya mayar.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba, don shawara ita kaɗai ce dokar kulle ba ta hana fita ba. Wani ya ce ya yawaita karatu. Wani ya ce ya riƙa motsa jiki. Wani kuma, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, ya ce shi matarsa tana da ƙanwa a Zariya, mai hankali. Dakta ya koma ga littattafansa, musamman mawaƙan Farisa na da, waɗanda ba sa iya ƙare baiti sai sun zuba giya a ciki. Shekara da shekaru yana koya wa ɗalibai cewa giyar nan ishara ce, ana nufin son Ubangiji. Yanzu da ya zauna shi kaɗai da bango huɗu, sai ya fara zargin cewa mutanen nan giya suke nufi.

A nan ne ya ci karo da tallar Madam Vasanthi. 'Yar asalin Indiya ce mai ɗakin zane a Brickfields, kulle ya rufe mata shago, sai ta koma sayar da natsuwa ta kwamfuta. Kowace Asabar da yamma, zane da waƙa da ruwan inabi, mutum ya samu kwanciyar hankali da daidaito. Za a aiko maka da kwali har gida, da allon zane, da fenti, da buroshi, da kwalba ɗaya. Musulmi ana aika musu ruwan inabin da bai yi laifin komai ba. Dakta ya dubi wannan zaɓi, ya dubi ɗayan, ya danna ɗayan. Wurin suna ya sa "Dakta M." Da Madam ta kira shi ta ce, "Dakta Maikel ko?" sai mutumin da ke gyara wa liman karatu a zuci ya ce, "Eh."

Kwalin ya iso. Fenti ba matsala, kwalbar ce fitina. A benen nan akwai gidajen 'yan Arewa da yawa, kuma idon Bahaushe a ƙasar waje ya fi kyamarar tsaro gani. Sai Dakta ya samo tsohuwar gorar ruwa, ya juye jan ruwan a ciki, ya naɗe kwalbar da jarida da leda, ya sauka da ita har benen da 'yan Sin suka fi yawa, ya jefa a shararsu, don laifin ya faɗa inda ba za a yi mamaki ba. Da ya dawo ya tsaya da gorar a hannu yana tunanin inda ake ajiye giya. Littattafan ba su faɗa ba. Abin da ya sani, duk wani jan abin sha a gora firiza ake kai shi. Ya kwantar da ita gefen ta Halimatu. Gora iri ɗaya, ja iri ɗaya.

"Dama tata, hagu ta Shaiɗan," ya ce. Bai sa wata alama ba. Mutumin da ke tuna lambar shafin littafin da ya karanta tun yana saurayi ba ya buƙatar alama.

Asabar ɗin farko bai iya ba. Ya zauna gaban kwamfuta da ruwan famfo a kofin shayi, yana kurɓa yana lumshe ido kamar sauran. Fuskoki ne a 'yan akwatuna: wani tsohon ma'aikacin banki da ba ya zana komai sai teku, da wata mata da ke fashewa da kuka duk lokacin da aka ambaci shuɗi. Madam tana da murya kamar man shanu a rana. "Ku ja numfashi," takan ce, "ku riƙe, ku sake shi. Numfashi kyauta ne." Dakta ya san wadda ta nemi kyautar nan da injin asibiti ba ta samu ba, amma ya ja, ya sake. Asabar ta biyu ma ruwan famfo ya sha. Ya zana tulu, Madam ta ce tsuntsun ya yi kyau.

Sai Babbar Sallah ta zo. 'Yan Arewa suka haɗa hannu wata gona ta yanka musu, aka raba nama a leda, kuma da yake Dakta shi ne abin tausayin shekarar, kowa ya aiko masa. Ya kwashe duk abin da ke firiza ya zube a tebur, ya cusa nama, ya mayar da gorunan biyu, ya danne su da cinyar rago. Daga nan ɗauko gorar Halimatu kullum ya zama aiki, sai ya riƙa gaishe ta daga nesa.

Asabar ɗin bayan Sallah Madam ta ce kowa ya zana fuskar da yake kewa. Dakta ya rufe ido ya nemi fuskar, ya tarar ta fara dushewa. Goshin yana nan, da wushiryar, amma ba sa haɗuwa. Ya duba hotunan waya, a kowanne ta sa hannu ta rufe baki tana dariya. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar jana'iza. Ya tashi ya ɗaga cinyar rago, ya zaro gorar hagu, tauri kamar dutse, ya tsoma ta a ruwan ɗumi. Ya saki labule duk da rana na nan, kada maƙwabcin ƙetare ya hango.

Ya zuba a kofi. Bakinsa da ya saba ya fara bisimilla, ya kamo ta a rabi ya haɗiye. Ya sha. Sanyi ne kawai ya ji ya wuce. Ya ƙara. A kofi na uku kansa ya fara yin sama-sama, kamar dai yadda mawaƙan suka yi alkawari. Ya hango wani baƙi-baƙi kwance a gindin gorar, ya ɗaga ta gaban kyamara ya tambaya.

"Oh, Dakta Maikel, ka yi sa'a!" in ji Madam. "Ruwan inabi mai daraja shi ke barin guggubi. Alamar ba a cuce shi da tacewa ba ke nan. Faɗa mana, me kake ji a harshenka?"

Ba ya jin komai. Amma Dakta bai taɓa barin rashin sani ya hana shi jawabi ba. Ya gyara zama. Ya ce wannan abin sha hannun da ya yi shi ya san haƙuri. Ya ce akwai zaƙi da tsami da suka zauna lafiya kamar tsofaffin ma'aurata, ba wanda ya danne wani. Ya ce guggubin nan shi ne shaidar gaskiyarsa, don jahili ne kawai ke neman abin sha ya zama tas kamar hawayen munafuki. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa sa abu mai daɗin wannan a baki ba. Mai tekun ya tafa. Mai kukan ta yi kuka, ko shuɗi ba a ambata ba.

Sannan waƙa ta zo masa, ya miƙe tsaye ya rera musu da Hausa:

"Ja ya sauka, dare ya tashi,
Zuciyata ta sami masauki,
Wanda bai sha ba bai san komai ba."

Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, shi ya sa kowa ya yaba. Ya kama buroshi ya yi ta yaɓa fenti har ya gaji, ya shanye gorar sai ɗan abin da ya rage a gindi, ya kwanta a kujera yana jin duniya na juyawa a hankali. Washegari ya tashi da ciwon kai, daidai yadda aka rubuta.

Daga nan sai tuba. Ya tuna abin da ake faɗa, cewa wanda ya sha giya kwana arba'in ba a karɓar sallarsa, ya yi ta yin sallar duk da haka, kamar mai aika saƙo ga lambar da aka rufe. Ya daina shiga ajin Madam. Firiza ma kunyar buɗe ta yake, don gorar Halimatu na ciki. Gorar da ya shanye kuwa ya cika ta da ruwa yana tsoma burosai, don ta ƙare rayuwarta a wulaƙance. Zanen ya jingina shi da bango. Natsuwa dai ba ta zo ba, daidaito ma ya aiko da uzuri.

Da aka sassauta kulle ga masu allurar rigakafi, Shafi'u ya hau bene, wannan karon ya ƙwanƙwasa ya tsaya.

"Salamu alaikum. Dakta, ya ƙarin haƙuri? Wallahi ka rame. Kana makan kuwa?"

"Ina ci. Shigo."

Shafi'u ya shigo yana waige-waige, idonsa ya faɗa kan zanen. "Masha Allah! Ashe Dakta har da zane. Wannan kabewa ce aka ɗaura wa ɗankwali?"

"Fuska ce."

"Au. To ai ka san hukuncin zana mai rai. Amma wannan ina ga ba zai shiga ciki ba." Ya yi dariya shi kaɗai. "Dakta, Hureira ce ta turo ni. Ta ce a yi haƙuri, kulolinta. Jiya a murfin tukunya aka ba ni abinci. Na ce mata in haka ne gara in riƙa tapau daga kedai, in sayo abincin shago a leda."

"Ga su can, a wanke. Ban dai samu abin da zan sa a ciki ba ne."

"Haba Dakta, mu da kai? Ba komai lah. Ta kuma ce in duba in naman Sallah na nan, in kai mata ta soya maka." Kafin a ba shi izini ya riga ya buɗe firiza, ya ɗaga cinyar rago. Sai ya tsaya. "Allahu akbar. Zoɓon Anti Halimatu! Allah ya ji ƙanta. Ashe da saura."

"Ajiye shi, Shafi'u."

"Ba sha zan yi ba, Dakta, ƙamshin kawai. Kullum Hureira sai ta gwada, ba ya yin irinsa. Ka ga ma bai daskare sosai ba." Ya murɗe murfin ya kai hanci. Fuskarsa ta yamutse kamar an mare shi da jiƙaƙƙen tsumma. "Inna lillahi! Dakta, ya juya. Wallahi ya zama giya zalla. Na san warin nan, wani Bature ya sha ta kusa da ni a jirgi tun daga Doha."

"Zoɓo ba ya juyawa a firiza," in ji Dakta, don gyara ba ya jiran tunani. Sai da maganar ta fita ya ji ta.

"To ga shi ya juya. Ikon Allah ne. Kuma ajiye ta a gida bai halatta ba, wannan babu saɓani." Shafi'u ya riga ya isa wurin wanke-wanke, ya sakar wa gorar ruwan zafi, ya kifa ta. Dakta ya matso yana kallo. Jan ruwa ya yi ta gangarawa cikin rami, garau, har ɗigon ƙarshe. Ba kanumfari, ba zaren citta, ba komai. Tas, kamar hawayen munafuki.

"Allah ya rufa maka asiri, Dakta," in ji Shafi'u yana wanke hannu har gwiwa. "Kai da ba ka jin ɗanɗano, da ka shanye ta fa ba ka sani ba! Mutum kamarka, a ce giya ta shiga cikinsa? Allah ne ya kawo ni."

"Shi ne," in ji Dakta.

Shafi'u ya tattara kuloli har haɓa, da cinyar rago a leda. Dakta ya ɗauko zanen ya ɗora masa a sama.

"Ka kai wa Hureira. Ba a mayar da kwano haka nan."

"Boleh, Dakta, an gama. Za ta rataye a kicin. Tana son kabewa."

Da ƙofa ta rufe, Dakta ya daɗe a tsaye. Ya yi niyyar saɓo bai samu saɓon ba, ya yi maye da ruwan zoɓo, ya yi tuba a kan abin da bai sha ba. Duk wannan da sauƙi, abin dariya ne, kuma wadda za ta fi kowa dariyar ba ta nan. Ya je tebur ya zare burosai daga gorar, ruwan ciki ya zama toka-toka. Ya miƙa hannu ya sauke rariyar nan daga ƙusa, karo na farko tun da aka rataye ta, ya juye ruwan a kai. Rariyar ta yi aikinta yadda ya sha faɗa za ta yi. Kanumfari ya tsaya a cikinta, baƙi, a kumbure, fenti ya ɓata shi.

Ya ɗauki ɗaya ya wanke a famfo, ya sa a baki ya tauna. Da farko ba komai. Sai wani ɗan zafi ya taso daga gefen harshe, ya bi ta hanci ya hau, ƙamshin kicin ɗin nan ranar Juma'a, tukunya na tafasa, ana masa dariya ta bayan hannu. Wata da watanni yana lasar gishiri yana jira, sai yau harshen ya ga damar dawowa, gora babu komai.

Ya yi wa baƙi jawabi a kan zoɓon nan da Turanci, har aka tafa masa. Abin da ake buƙata bai kai jawabi ba, kuma tun kofin farko, shekara goma sha tara da suka wuce, ya san shi. Ya tsaya da rariya a hannu, a kicin ɗin da ba kowa.

"Halimatu," ya ce, "zoɓon ya yi daɗi."